Amsa ga mai tambaya kan masu zane da fentin ruwa

Salamu alaikum ƙanena, ka tambaya ko akwai wanda ya yi suna da zanen fentin ruwa irin wanda abu ke fitowa kamar gaske. Akwai kam, ka nemi Andrew Wyeth, ɗan Amurka ne, an haife shi 1917 a Chadds Ford can Pennsylvania ya rasu 2009. Babanshi N.C. Wyeth mai zanen littattafai ne, shi ya koya mai a gida saboda yana yaro ba ya da cikakkar lafiya. A 1937 ya baje zanensa na fentin ruwa a New York, yana ɗan shekara 20, aka saye su kaf.

Abin da ke burge ni da mutumin nan shi ne bai tafi nesa neman abin zanawa ba, gonakin maƙwabta ne da tagogi da busasshiyar ciyawa shekara da shekaru, kuma yakan matse burushi har ya kusa bushewa sannan ya ja shi a hankali, sai ka ga ciyawa ɗaya-ɗaya wallahi kamar ka taɓa.

Mu nan Sakkwato wanga salo ya dace da mu, lokacin hunturu kafin ka kai burushi takarda fenti ya sha iska. Ni da katangar laka ta gidan kakata na fara, wurin da ruwan damina ya zaizaye. Ka samu takarda mai kauri dai, ta littafin makaranta lanƙwashewa take.