Abin da ya sa muke karanta tarihin tsohon soja a Zango

Ɗana, tambayarka ta iso, kuma ban ji zafinta ba. Ka ga hotunan addu'ar arba'in ta kawunmu a Nima, zangon Akra a nan Ghana: rumfuna sun tare titi, mata sun yi anko, tsofaffin sojoji sun zo da lambobinsu a ƙirji, wani kuma ya riƙe lasifika yana karanta tarihin mamacin tun daga haihuwa har ritaya. Ka ce a Kano a sallaci gawa ne, a kai ta makwancinta, a karɓi gaisuwa kwana uku a watse. Shin ba al'adar ƙabilun Asante da Ga muka kwaso ba?

Wani abin lallai a wurinsu muka gani. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hayar rumfa da kujeru da sanar da gudummawar kowa a bainar jama'a duk daga maƙwabta ne. Amma gawa ba mu taɓa yarda a taɓa mana hukuncinta ba. Maƙwabtanmu kan ajiye mamaci a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci watanni, sai dangi na nesa sun hallara. Kawu ya cika da dare, kafin la'asar mun rufe shi cikin likkafaninsa. Ko Alhaji Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, da ya rasu ranar 16 ga Nuwamba 2012, gwamnati ce ta bi saurin Musulmi: cikin 'yan kwanaki aka yi masa girmamawar ƙasa a Akra aka kai shi Tamale. To wanda aka binne cikin wuni ɗaya, yaushe abokan aikinsa na Takoradi da Kumasi za su iso? Shi ya sa duk abin da ya shafi soja da ofis muke tura shi ranar arba'in.

Karanta tarihin kuwa namu ne, kuma yana da tushe mai nisa. Kun san Hausawan ƙasar nan da fataucin goro ta Salaga, amma ta wata ƙofar ma mun shigo, wato bariki. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, daga baya aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa wa wannan ƙasa tata rundunar, ita ce ta zama Gold Coast Regiment a 1901. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki, har Bagurunshe da Bamoshe da Bazabarme duk sunansu Bahaushe muddin sun sa kaki. Da yawa da aka sallame su ba su koma Arewa ba, suka yi aure suka kafa gida a zanguna.

Kada ka zaci karɓar hannu biyu aka yi musu. Fatake da malamai sun daɗe suna yi wa soja kallon yaron Nasara. Kakanninmu sun ba da labarin yadda ake jan ƙafa kafin a ba ɗan bariki 'ya. Sai da aka dawo daga yaƙin Bama, wato Burma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan, kallon ya fara sauyawa. Mahaifin kawu yana cikin waɗanda suka dawo. Har gobe babban barikin Akra sunansa Burma Camp, na kusa da Takoradi kuma Myohaung, sunan garin da aka karɓe a Janairun 1945.

Abin da ba za ka ji a jikinka ba sai ka zauna a nan shi ne 1969. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. A Zango aka fi jin ta. Mutanen da aka haifa a nan, aka binne iyayensu a nan, suka sayar da kayan ɗaki a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar, ƙasashen da wasunsu ba su taɓa takawa ba. Kawu a lokacin ya je Kwango da sojojin Ghana a 1960 ya dawo, ya ajiye kaki, yana aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tema. Da hannunsa ya ɗora wa gwaggonsa kaya a mota. Bai ƙara ganinta ba. Kai a Kano babu mai tambayarka daga ina ka zo. Mu an tambaye mu, kuma har yanzu idan yaro mai suna Ɗanjuma ya je neman fasfo, yakan sha tambayar da ba a yi wa Kofi.

Saboda haka idan aka tashi gaban sarkin Zango da ɗan majalisa da jami'an hukumar tsofaffin sojoji aka ce wane ɗan wane ya yi wa ƙasar nan soja, ubansa ma ya yi, sannan ya yi shekara talatin a aikin gwamnati ba a taɓa kama shi da kwabon haram ba, ba kirari ake yi wa gawa ba. Shaida ake kafawa a gaban hukuma, yaranmu na ji. Ni na fi son ɓangaren aikin gwamnatin ma a kan na yaƙin, domin ya fi wuya. Kawu ya yi ritaya a gidan da ya gada, da fanshon da ba ya kai shi ƙarshen wata, amma duk wanda takardarsa ta maƙale a wani ofis ƙofarsa yake bugawa, ya sa hula ya raka shi.

Mu ma fa ba bakinmu ɗaya ba. Malaman Ahlus Sunna na nan suna cewa arba'in ɗin kanta bidi'a ce, 'yan Tijjaniyya na cewa sadaka ce da addu'a, gardamar da ka saba ji a gida. Inda nake tare da masu sukar shi ne kashe kuɗi: na ga gidan da aka ci bashi don anko alhali marayu na jiran kuɗin makaranta. A namu taron mun hana kiɗa, mun roƙi tsofaffin sojojin su bari sai an shafa fatiha kafin su sara masa, suka kuma yarda ba musu. Gudummawar da aka tara an raba ta biyu, rabi ga matarsa, rabi ga makarantar allon da ya yi karatu yana yaro.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata saƙon ta'aziyyarta ya iso. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.