Dutsen da ke ƙarƙashin gidan samariya

Ɗana, saƙonka ya same ni nan Tawa. Ka ce ku 'yan garinmu mazauna Yamai kun haɗa kuɗi za ku rushe gidan samariya ku sake shi da siminti, amma wasu na cewa dutsen da ke kusurwar gabas tsafi ne, a tone shi a yar.

Ba tsafi ba ne. A gabana aka aza shi.

Bayan soja sun karɓi mulki a Nijar a 1974, shugabansu Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, wato ƙungiyar matasan gari, kowane gari da sarkin samarinsa. Lokacin fari ya gama da mu, dabbobi sun ƙare, majiya ƙarfi da yawa sun tafi bida Abijan. Mu da muka rage muka ce a yi ɗakin taro. Gayya aka kira. Samari suka kwaso duwatsu bisa jakuna, ka san ƙasar Adar ba ta rowar dutse, mata suka yi ta jidar ruwa daga rijiya, ga fura ƙwarya-ƙwarya.

Ga yadda al'adar take. Yaro ba ya aza dutsen farko, ko da shi ya kawo dukiyar. Sarkin magina ya ja igiya, maigari ya kira wanda ya fi kowa shekaru ya ɗora dutsen da hannunsa, liman ya shafa fatiha, aka raba goro. Ragon da aka yanka sadaka ce, namansa gidajen marasa hali ya shiga, jininsa bai ko kusanci dutsen ba.

Abin da ya fi damuna shi ne filin. Gonar wani gida ce, suka ba gari kyauta, kuma ba a rubuta komai ba. Ɗora dutsen nan a bainar jama'a shi ne shaidar kyautar. Yawancin waɗanda suka gani sun riga mu gidan gaskiya, jikoki kuwa ba su ji da kunnensu ba.

Don haka ku bar shi inda yake, sabon harsashi ya hau kansa. Kafin a taɓa bango, ku je wurin maigari, a kira magadan masu filin, a yi takarda a kwamitin filaye, tunda dokar karkara ta 1993 ta buɗe wannan hanya. Ku sa ranar bayan girbi, zan zo in ba da shaida in Allah ya yarda. Ka gaida mahaifiyarka.