Yaya zan gane wasan lissafin da ya dace da ɗana mai ADHD?

Tambaya: Likita ya tabbatar mana cewa ɗana mai shekara 8 yana da larurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya. Na sauke masa wasannin lissafi a waya, kuma yakan daɗe a kansu fiye da littafi. Ta yaya zan gane wanda yake amfanarsa?

Amsa: Malama, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Daɗewarsa a kan wasa ba ta nuna yana koyo ba. Masu wannan larura, waɗanda suka kai kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya, sukan manne wa duk abin da ke ba su lada nan take, ko da babu ilimi a cikinsa. Don haka abin aunawa shi ne inda hankalinsa yake tafiya.

Ki zauna gefensa na minti 10, ki yi shiru, kada ki taya shi ko da ya maƙale. Ki sa ido a kan yatsansa. Idan tambaya ta fito, yana tsayawa ya duba, ko kuwa danne-danne yake yi har ya dace da amsar? Gaggawa tana cikin larurar, kuma wasan da ke barin yaro ya wuce da cinke yana ƙara masa ita. Wasa mai kyau, idan yaro ya ce 7 a tara da 5 ya ba da 11, zai jero masa ƙwallaye ya ƙirga da kansa. Marar kyau zai yi ƙara kawai, ya kawo wata tambayar.

Sannan ki lura, a cikin mintunan nan, nawa ya ɓata wajen sauya wa ɗan tsana riga ko tara tsabar zinariya? Na fi yarda da wasan da lissafin shi ne wasan kansa. DragonBox, wanda aka ƙirƙira a Norway, misali ne: yaro yana matsar da katuna don akwati ya rage shi kaɗai a gefe guda, sannu a hankali katunan su zama lambobi da haruffa.

Yaran nan suna shan wahalar riƙe umarni mai tsawo a ka. Idan bayani ya fito sau ɗaya ya ɓace, to da sake. Agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi ma yakan rikita wasunsu, sai ki kashe shi in ana iyawa. Ki kashe data saboda tallace-tallace. Wani lokacin kuma Turancin wasan ne yake kayar da yaro, lissafin kuwa ya iya. Ki maimaita masa tambayar da Hausa ki gani.

Kada ki tsaya ga tambayarsa ko wasan ya yi daɗi. Janet Read, mai bincike a Ingila, ta yi amfani da hotunan fuskoki biyar, daga mai ɓacin rai zuwa mai fara'a, don yara su nuna yadda abu ya yi musu daɗi, sai aka ga ƙananan yara sun fi zaɓar mafi fara'a kusan a kan komai. Ya fi ki tambaye shi wane ɓangare zai so ya sake yi.

Ki yi hattara da masu tallar cewa wasansu magani ne. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wasan EndeavorRx ga masu ADHD 'yan shekara 8 zuwa 12, amma likita ne ke rubuta shi, kuma ba na lissafi ba ne.

Gwajin ƙarshe a takarda yake. Ki rubuta masa tambayoyi 5 yau, bayan mako 2 ki ba shi wasu masu kama da su, ki nuna wa malaminsa duka biyun. In bai ci gaba ba, ki sauya wasan.