Yadda ake gane filogi da boris na jabu

Malam, ka tambayi yadda za ka bambance kayan gyaran mota na asali da na jabu kafin ka biya kuɗi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Kada ka dogara da kyawun kwali, domin masu jabu sun ƙware a kansa. Abin da ke ciki za ka duba.

Idan filogin kamfanin NGK ne, ka lura da zoben ƙarfen da ke gindin zarensa, domin na asali ba ya zamewa cikin sauƙi, kuma rubutun jikin farin tangaran ɗin yakan fito tsaf, ba ya dusashewa idan an goga shi da yatsa. Boris kuwa, ka juya shi kusa da kunnenka, in ka ji ƙara kamar akwai yashi a ciki, ka ajiye shi. Kamfanin SKF mai ƙera boris ma yana da manhajar waya da ake tura masa hoton boris ya tantance.

Lambar kayan Toyota yawanci lambobi 10 ce, sai ka tabbatar ta jikin kwali ta dace da motarka. A ganina, arhar da ta wuce misali ita ce babbar alama, saboda haka ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa.