Hukuncin Wanka a Tsohon Kwamin Ruwan Ɗumi na Seljavallalaug

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Turai. A hutun watan Yuni za mu je ƙasar Aislan ni da abokaina uku, duk maza. Cikin wuraren da muka sa a gaba akwai wani tsohon kwamin iyo a tsakanin duwatsu, Seljavallalaug, wanda ruwan zafi ke tsattsafowa daga jikin dutse yana zuba a ciki. Ya halatta mu shiga? Kuma alwala da ruwansa ta yi, tunda an ce ya yi kore shar da gansakuka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, zuwan naku ba laifi. Allah Yana cewa a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fari halitta. Ruwa mai ɗumi a gindin Eyjafjallajökull, dutsen da ƙanƙara ta lulluɓe kansa alhali wuta na cikinsa, wanda ya yi aman da ya tsayar da jiragen saman Turai a 2010, ai abin kallo ne ga mai hankali. An gina kwamin a 1923 don koya wa mutanen yankin iyo, ba wurin bauta ba ne.

Ruwan kuma mai tsarki ne mai tsarkakewa. A mazhabar Malikiyya, abin da ruwa ya haifar da kansa kamar gansakuka, ko abin da ya ɗauko daga mazauninsa kamar gishiri da farar wuta, ba ya ɓata shi ko da launi ko wari ya sauya. Ka yi alwalarka. Najasa ce ke ɓata shi idan ta sauya launi, ɗanɗano ko wari.

Inda nake so ka tsaya shi ne tsiraici. Hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mai imani shiga hammam, wato gidan wanka na jama'a, ba tare da gyauto ba, kuma Ibn Abi Zaid a Risala ya tafi a kan haka. To, ɗan kamfan iyon da Turawa ke sawa bai isa ba. Ka nemi wando mai kauri daga cibiya har gwiwa, wanda ba ya lafewa a jiki idan ya jiƙe. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ido. Kwamin tsawonsa mita 25 ne kacal, buɗe ga kowa, maza da mata. Idan kun tarar da mata a ciki cikin kayan iyo, shiga bai halatta gare ku ba, domin runtse ido a irin wannan matsi yaudarar kai ce. Ku jira, ko ku kalli duwatsu ku juya.

Amma Allah Ya kawo muku sauƙi: a Yuni gari ba ya yin duhu sosai a can. Ku sammaka tun masu yawon buɗe ido na barci. A ɗan ɗakin canza kaya ku shiga ɗaya bayan ɗaya.

Babu mai gadin ceto a wurin, ƙasan kwamin kuma santsi gare shi. Wanda bai iya iyo ba cikinku ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, kada kuma wani ya shiga shi kaɗai.

Wallahu a'alam.