Amsa ga mai tambaya kan atisayen ƙwallon Amurka bayan an rufe kakar wasa

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce yaronka ɗan shekara 15 yana cikin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantarsu a Houston, wato wadda ake sa hular kwano ana karo, ba tamaula ba. Tun da aka rufe kaka ba ka ga wani atisaye na a zo a gani ba, sai ɗaga ƙarfe da gudu. Ga shi kana son ku je Kano a dogon hutu, yaro kuma ya tayar da hankali wai duk wanda bai halarci horon hutu ba, benci zai zauna. Kana son sanin abin da doka ta ce.

Da farko dai, kocin nan ba lalaci yake yi ba, doka ce ta ɗaure masa hannu. Kuma ba doka ɗaya ce a duk Amurka ba. Akwai hukumar NFHS da ke Indianapolis mai rubuta ƙa'idojin wasa, amma zancen yaushe za a yi atisaye, awa nawa, da wane kaya, wannan kowace jiha da nata. Ku a Texas hukumar UIL ce ke riƙe da wasannin makarantun gwamnati. Don haka in wani ɗan'uwa a Michigan ya ba ka labarin yadda suke yi, kada ka ɗora a kan ɗanka. Can koci ba ya koyar da yara fiye da huɗu a lokaci guda bayan kaka muddin ana cikin zangon karatu. A Jojiya ana ba su atisaye goma wajen ƙarshen shekarar karatu. Kalifoniya kuwa tun 2015 dokar jiha ta hana cikakken karo a wajen kaka baki ɗaya.

A Texas, daga rufe kaka zuwa ƙarshen zango, galibin aikin koci da yara ya ta'allaƙa ne a darasin wasanni da ke cikin jadawalin makaranta, minti 60 a rana ko minti 300 a mako. A nan ake ɗaga ƙarfe, a yi gudu, a koyi tsayuwa da taku. Manyan makarantu na rukunin 5A da 6A suna da damar yin atisaye 18, galibinsu da cikakken kaya, wajen Afrilu da Mayu, sai dai ba kyauta ba ne: makarantar da ta yi shi za ta fara atisayen Agusta mako guda bayan waɗanda ba su yi ba, ta kuma rasa wasan gwaji ɗaya. Shi ya sa za ka ga makarantu biyu maƙwabta, ɗaya tana karo a Mayu, ɗaya shiru. Lissafi ne kowane koci ya yi.

A dogon hutu an yarda da horon ƙarfi da juriya na awa biyu a rana, Litinin zuwa Juma'a. Ban da shi akwai koyar da dabarun wasa, wanda bai wuce minti 60 a rana ga wasa ɗaya ba. Babu sulke, babu karo. Gasar nan ta mutum bakwai-bakwai da ake jifa da cafe ƙwallo kawai, wadda ake kammalawa a garin College Station na Texas a ƙarshen Yuni, ita ma kocin makaranta ba shi da ikon jagorantar yaransa a cikinta. Iyaye ko wani na waje ne ke riƙe su.

Yanzu ga inda ya shafe ka kai tsaye. Horon hutu a dokar UIL na ganin dama ne. Ba a tilasta wa yaro, ba a sa shi ramuwar ranakun da ya rasa, ba a mayar da halarta sharaɗin shiga ƙungiya. Wannan a takarda ke nan, kuma kana da haƙƙin tsayawa a kansa. Amma ba zan ɓoye maka ba, kocin ne ke zaɓen wanda zai fara wasa, kuma yaron da ya yi wata biyu yana ɗaga ƙarfe zai zo Agusta ya fi wanda ya kwanta ƙarfi da numfashi. Tsoron ɗanka ba na banza ba ne. Abin yi shi ne ka rubuta wa kocin tun yanzu, ka faɗi ranar tafiya da ta dawowa, ka roƙi ya ba yaro jadawalin da zai bi a gida. Kusan kowane koci yana da irin wannan takarda. Wanda kuwa ya fito fili ya ce rashin zuwa zai sa a cire yaro, ya taka doka, sai ka kai maganar ga daraktan wasanni na makarantar. Hukuncin irin wannan yana kama daga jan kunne zuwa dakatar da koci.

Abin da ya fi damuna ba benci ba ne, makon farko na Agusta ne. Zafin Houston ba irin na Kano ba ne. Namu na bazara busasshe ne, gumi yana fita ya bushe, jiki ya huce. Can iskar jiƙe take sharkaf, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, sannan a ɗora wa yaro hular kwano da sulken kafaɗa su toshe inda zafin zai fita. Bayan rasuwar Korey Stringer, ɗan wasan ƙungiyar Minnesota Vikings, da zafi ya kashe a sansanin atisaye a Agustan 2001, aka tashi tsaye kan lamarin. A 2009 ƙungiyar masu kula da lafiyar 'yan wasa ta fitar da tsarin sabo da zafi na kwana 14: kwana biyun farko hula kaɗai, na uku zuwa na biyar hula da sulken kafaɗa, cikakken kaya sai rana ta shida. A kwana biyar na farko atisaye ɗaya ne a rana, kada ya wuce awa uku. Bayan nan in za a yi biyu a rana, jimilla ba ta wuce awa biyar, da hutun awa uku a tsakani, kuma ba a jera irin wannan rana biyu. Texas tana da nata kwana biyar na sabo, kuma duk yaron da ya makara sai ya yi nasa biyar ɗin daga farko, ko da abokansa sun yi nisa. Kada ka yarda a tsallake masa, ko shi ya roƙa.

Ka je filin da kanka ka duba abu biyu. Shin akwai na'urar auna zafi da laima da ke tsaye a filin, ba a ofis ba? A Jojiya tun 2012 in ma'aunin nan ya haura 92 a lissafin Amurka, wajen digiri 33 ke nan a namu, an rufe atisayen waje. Na biyu, akwai babban baho cike da ruwa da ƙanƙara a gefen fili? Yaron da ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili a tsakar rana, a tsoma shi cikin ruwan nan har wuya nan take, a sauke zafin jikinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti 30, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. A sanyaya tukuna, a ɗauka daga baya. Wanda aka jefa a mota da zafinsa, a hanya ƙoda da hanta ke lalacewa.

Sai maganar da ta fi shafar mu: jinin AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Jariran da aka haifa a Amurka ana gwada su, amma in a gida aka haifi ɗanka, ƙila ba a taɓa dubawa ba. Ka sa a yi gwajin lokacin da za a cike takardar likita. AS ba ya hana wasa, sai dai a gudun ƙure ƙarfi da ake jerawa babu hutu, jini na iya sauya siffa ya toshe jijiyoyin tsoka cikin 'yan mintuna. Alamar ba irin ta ɗaurewar tsoka ba ce da nama ke tauri yaro yana ihu. A nan ƙafa ce ke saki, yaro ya sulale ƙasa jiki laƙwas. Galibi kuma a horon juriya na wajen kaka abin ke faruwa, ba a ranar wasa ba. Shi ya sa manyan jami'o'in Amurka suka fara neman sakamakon gwajin tun 2010. In ya fito AS, koci da mai kula da lafiya su sani a rubuce, yaro ya riƙa ƙara nauyin horo a hankali, ya tsaya da zarar ya ji alama.

Haka in ya dawo daga hutu kada ya ce zai rama wata biyu a kwana biyu. A 2010 a wata makaranta a jihar Oregon, horo mai tsanani a ɗaki mai zafi ya kwantar da yara sama da goma a asibiti, uku sai da aka yi musu tiyata. Tsoka ce ke narkewa ta shiga jini. In hannu ya kumbura ya ƙi lanƙwasuwa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, asibiti za a tafi a daren, ba a jiran gari ya waye.

Azumi kuwa a 'yan shekarun nan yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, daidai lokacin ɗaga ƙarfe. Ka sanar da kocin da wuri a sassauta masa. Ba baƙon abu ba ne: a 2010 makarantar Fordson da ke Dearborn a jihar Michigan ta mayar da atisayenta na Agusta cikin dare saboda Ramadan.

Game da tikiti, ka tambayi ainihin ranar fara atisayen Agusta na makarantarsu, ku dawo aƙalla kwana goma kafin nan, domin barcinsa ya daidaita, ya kuma samu fita gudu da sassafe a iskar Houston kafin a sa masa hula. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.