Likita ya rubuta "maleriya" kawai, zan iya cike sauran da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai shigar da takardun inshorar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Aboabo, nan Kumasi. Wata uku ke nan duk kuɗin da muka nema daga hukumar inshora sai an zaftare mana wani abu. Mai asibiti ya ɗora mini laifi, har ya ce in riƙa zaɓen lambar cutar da ta fi kawo kuɗi. Ni kuwa foldar majinyaci nake bi, amma sau da yawa kalma ɗaya tak likita yake rubutawa. Zan iya cike abin da ya bari da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki cike. Ko kin tabbata kin san abin da ke damun majinyacin, gano cuta aikin wanda ya duba shi ne, naki kuwa ki mayar da abin da ya rubuta zuwa lamba. Amma kada ki karaya, domin yawancin zaftarewar da kike kuka da ita tana da magani, kuma maganin yana bakin alƙalamin likita.

Ki fara sa kanki a kujerar mai tantancewa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana da cibiyoyin duba takardu, ɗaya tana nan Kumasi. Wanda ke zaune a can bai ga majinyaci ba, bai ji zafin jikinsa ba. Abin da ke gabansa shi ne lambar cuta ta tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da lambar G-DRG, wato rukunin farashin da Ghana ta fara aiki da shi a 2008, sai gwajin da aka yi da magungunan da aka bayar, waɗanda ake biya daban bisa jerin magungunan inshora. Tambayarsa ɗaya ce: bakinsu ya zo ɗaya? In cuta ta faɗi wani abu, magani ya faɗi wani, sai ya sa almakashi.

Ga misalin da na tabbata kin sha gani. An kawo yaro ɗan shekara 4 jiki zafi rau. A folda an rubuta "maleriya". A takardar magani kuwa ga artemether-lumefantrine na maleriya, ga parasitamol, ga amoksisilin. To, amoksisilin ba ya kashe ƙwayar maleriya. Mai yiwuwa likita ya haska kunnen yaron ya ga mugunya, ko ya saurari ƙirjinsa ya ji alamar ciwon huhu, ya ba da magani daidai, amma layi ya yi tsawo a waje bai tsaya rubuta cuta ta biyu ba. Mai tantancewa zai cire kuɗin amoksisilin, kuma yana da gaskiya. Ke ma in kika ƙara J18.9, lambar ciwon huhu, don maganin ya samu gindin zama, kin rubuta wa yaron cutar da babu wanda ya ce yana da ita.

Ita kanta maleriyar ba lamba ɗaya gare ta ba. B54 ita ce wadda ba a bayyana nau'inta ba. B50.9 ta nau'in falsifarum ce, B50.0 kuma wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kowa ya san falsifarum ce ta fi yawa a ƙasar nan, amma sai sakamakon gwaji ya shiga folda kafin ki dogara da hakan. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya take jaddada a yi gwaji kafin a ba da magani. In ba a tabbatar da komai ba, zazzaɓi kawai aka gani, shi ma yana da lambarsa, R50.9.

Wurin da na fi ganin ana tuntuɓe shi ne mata masu juna biyu. Hawan jini na gama-gari I10 ne, amma ga mai ciki labari ya canja: in tana da shi tun kafin cikin O10 ne, in cikin ne ya zo da shi O13. Maleriya ma ga mai ciki tana shiga O98.6. Kalma biyu daga ungozoma, "mako 28", sun isa su sauya babin gaba ɗaya. Haka sikila: D57.0 ga wanda ciwon ya tasar masa, D57.1 ga wanda bai tashi ba, D57.3 ga mai ɗauke da ƙwayar gadonta kawai ba tare da ciwon ba. A zangonninmu, inda auren zumunci yake da yawa, wannan bambancin ya wuce maganar kuɗi, yana iya bin yarinya har ranar da za a zo neman aurenta.

Akwai kuma kurakuran da suke hannunki: ranar haihuwa, jinsi, lambar kati, ranar kwanciya da ta sallama. Farashin G-DRG ya raba yaro da babba a shekara 12, saboda haka kuskuren shekarar haihuwa kaɗai yana iya jawo a ƙi biya.

A wani asibiti da na taɓa aiki, kullum bayan sallar azahar nakan ɗauki foldojin da suka yi giɓi, kowace da 'yar takarda a manne, in kai ɗakin likita. Ba na cewa "rubuta kaza". Nakan ce, "Likita, an ba da wannan magani, wace cuta aka ba shi dominta?" Da farko ya riƙa haɗe rai. Bayan 'yan makonni shi da kansa yake rubutawa tun kafin majinyaci ya tashi daga kujera. Ki yi haka a ranar, ko washegari, tun bai manta fuskar mutumin ba. In zai gyara, ya ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ya rubuta daidai, ya sa hannu da kwanan wata. Ban da gogewa, ban da shafa farin ruwa.

Maganar mai asibiti kuwa, ki faɗa masa cikin ladabi cewa hukumar tana aiko masu bincike su zaro foldoji su gwada da abin da aka tura ta manhajar CLAIM-it. In suka ga an kumbura cuta, ana karɓe kuɗin, ana iya dakatar da asibiti, maganar har kotu tana iya kaiwa, kuma hannunki ne ya shigar. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne kuɗin asusun inshorar nan na jama'a ne. Akasarinsa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari na kaya da ayyuka yake fitowa, har da guminmu da na mai sayar da koko a Asawase.

Ki nuna masa inda haƙƙinsa na halal yake zubewa. Yaron da aka kwantar, aka yi wa allurar artesunate ta maleriya mai tsanani da ƙarin jini, amma folda ta ce "maleriya" kawai, ba a rubuta mai tsanani ba, ba a rubuta ƙarancin jini ba, asibiti ya yi aiki babba ya nemi ladan ƙarami. Ki ɗauko rahoton tantancewa na watanni ukun nan, ki ware dalilan zaftarewar kashi-kashi, ki ƙirga nawa ne daga rubutun likita, nawa daga ɗakin gwaji, nawa daga teburinki. Da wannan takardar za ki shiga ofishinsa, kuma ki roƙi a kira likita da ungozoma su zauna tare da ku.